Illo Mai Lasifika da Gwajin Ruwa

Duk wanda ya taɓa sauka a tashar jirage ta Wara ranar kasuwa ya ji muryar Illo, ko da bai ga fuskarsa ba. Murya ce mai kauri wadda ba ta gaggawa, tana fitowa daga lasifikar da aka ɗaure a reshen wata tsamiya can saman gaɓa, inda ruwa ba ya kaiwa. Ita ke cewa jirgin ƙetare ya cika, kada a ƙara ko buhu ɗaya. Ita ke cewa an tsinci akuya mai shuɗiyar igiya, ko wata tsohuwa ta ɓace wa 'yan rakiyarta. Mai muryar kuwa siririn dattijo ne da ke zama bisa benci a gindin itacen, batirin mota tsakanin ƙafafunsa, akwatin injin lasifikar a kan cinyarsa. In ba makirufo yake riƙe da shi ba, da wuya ka ji ya haɗa kalma biyar.

Iyayensa mutanen gungu ne, wato tsibirin cikin kogi. Yana ɗan ƙarami aka datse kogi, ruwa ya hau ya zama tafki, aka kwashe su zuwa tudu. Ya tashi da su kamar kowa a gidansu, shi da ƙanensa Auwal. A shekarar da aka yanke Kebbi daga Sakkwato, farkon damina, iska ta taso da rana tsaka, Auwal yana cikin kwale-kwale da baya ga hadarin, yana jan koma. Mutanen gaɓa sun ga abin da ke tafe. Suka yi ta kira har muryoyinsu suka dushe, iska tana kwashe kiran tana mayar musu da shi. Sai kwana na uku aka same shi maƙale a cikin kututturan itatuwan da tafkin ya ci.

Bayan sadakar arba'in Illo ya sayar da komarsa da ta marigayin, ya hau mota zuwa Yelwa, ya nemi wani mai gyaran rediyo da ke da tsohuwar lasifika. Mutumin ya kunna masa ita a cikin rumfa, ƙara ta cika layin kasuwar. Illo ya ce ba haka yake so ba. Shi ba a rumfa zai yi aiki da ita ba, a bakin ruwa ne, don haka a bakin ruwa za a gwada, kuma ba a Yelwa ba, a Wara. Mai rediyo ya yi ta mita, amma da yake kayan sun daɗe suna cin ƙura ya ɗauko su ya biyo shi.

Ranar aka soma abin da mutanen tasha suke kira gwajin Illo. Matarsa Barakatu, wadda ke tuyar ƙosai a gefen tsamiyar, ta ɗauki mayafinta ruwan ɗorawa ta shiga kwale-kwale, aka tuƙa ta har wurin kututturan nan. Sharaɗin shi ne zai faɗi wata magana da ba ta san da ita ba. In ta ji, ta ɗaga mayafi. In ta dawo kuma, ta maimaita kalma da kalma, domin a cewarsa ƙara daban, magana daban, kuma mai jirgi magana yake bukata. Illo ya ɗauki makirufo, ya yi gyaran murya, ya ce miyar Barakatu ta jiya gishiri ya yi mata yawa. Tasha ta kwashe da dariya. Mayafi ya tashi sama. Da ta dawo ta maimaita masa maganar ba ta rage komai ba, ta ƙara da cewa duk da haka har kwanon ya suɗe. Sai a lokacin ya biya mai rediyo.

Shekara talatin da 'yan kai ke nan. Sau uku ya canja inji a tsakani, kuma kowane mai sayarwa sai ya zo ya tsaya a rana ya jira mayafi. Masu jirage suna ba shi ɗan abin da suke ba shi duk kasuwa. Ba kowace iska ya riga ba. Akwai ranakun da aikinsa ya zama kiran sunayen waɗanda ba a gani ba, ɗaya bayan ɗaya, don 'yan'uwansu su zo gaɓa. Amma akwai jirage da dama da suka juyo saboda muryarsa, masu su suna nan da ransu, wasu har da jikoki.

Abin da bai gaya wa kowa ba shi ne kunnensa ya soma tafiya. Na dama ya fara, sannan na hagu ya bi a hankali. Mutumin da ya yi shekaru yana zama ƙarƙashin lasifika ba abin mamaki ba ne. Barakatu ta gane kafin shi. Ba su taɓa zama suka yi maganar ba, sai dai ta matso da kaskonta kusa da bencinsa. In injin ya soma fito, ta taɓa kunnenta da matsamin ƙosai. In ƙara ta yi yawa, ta sauke tafin hannu ƙasa. In wani ya kawo cigiya, sai ta yi kamar za ta miƙa wa mijinta ruwa, ta sunkuyo ta gefen hagu ta zuba masa saƙon. Haka suka yi ta yi, yana ganin asirinsu a rufe.

Zazzaɓi ne ya kwantar da ita ƙarshen bazara. Kwana shida ta yi. Ran na bakwai aka kai ta makwancinta.

Illo bai yi kuka a gaban kowa ba, kuma bai yi a ɓoye ba. Ya karɓi gaisuwa, ya amsa abin da ake amsawa. Bayan kwana bakwai ya ɗauki batirinsa ya koma gindin tsamiya. In an kawo masa abinci ya ci, bai san ko da daɗi ko babu ba. In rana ta faɗi ya tashi. Yana jin kansa kamar mai tafiya cikin ruwa iya wuya, komai yana isowa gare shi a makare. A kasuwa ta uku bayan rasuwar injin ya yi ta kuka tun hantsi, mutane suna toshe kunne suna kallonsa, shi kuwa yana ta karanta cigiya. Sai da ya ji ɗumi a cinyarsa, ya ga hayaƙi yana fita ta ramukan akwatin, sannan ya cire wayar batir. Mai gyara a Yelwa ya buɗe ya duba, ya ce cikin ya ƙone ƙurmus, kuma irin wannan an daina kawo kayansa.

Cindo, shugaban masu jirage, sa'an Illo ne, tare suka koyi tuƙi. Ƙato ne mai faɗin murya, shi ba ya bukatar lasifika in zai yi faɗa. Ya zo ya zauna a bencin, ya daɗe yana kallon ruwa. Tafkin ya ja baya, kututture sun fito, gabas kuma ta soma haɗa baƙi da yamma.

"Illo, iska ba ta san kana zaman makoki ba," ya ce da ƙarfi. "Kasuwa biyu nika iya riƙe maka wurin ga. In babu, Lawali za ni ba."

Lawali mai tallar maganin basir ne, yana yawo da lasifika a bayan babur. Illo ya ce to.

Babbar 'yarsa Nafisa tana aure a Yelwa, sana'arta bandar kifi. Ita waya ce kasuwarta. Mutanen da ba ta taɓa gani ba suna turo mata kuɗi daga garuruwa masu nisa, ta ɗaure musu kwali ta ba direba, ba a taɓa samun matsala ba. Da ta ji abin da Cindo ya ce, ta zo Wara da wayarta, ta shiga wani zaure na intanet inda ake tallar kayan hannu, firiji da keken ɗinki da janareto. Kafin azahar ta samo wani mai kiran kansa Bello Sauti. Yana da inji da lasifika biyu, ya ce kusan sababbi, a farashin da bai kai rabin na kasuwa ba. Hotonsa a zauren ba fuska ba ce, mota ce. Ya turo bidiyo.

A gindin tsamiya aka kalla. Cindo ya leƙo ta kafaɗa, Asibi mai banda, wadda murhunta ke kusa da inda kaskon Barakatu yake a da, ta goge hannu ta matso. A bidiyon ga inji bisa tebur, ga lasifika a jingine, kiɗa yana tashi har wayar tana rawa a hannun Nafisa. Cindo ya ce wannan ai har Yelwa za a ji shi. Asibi ta ce Allah ya kawo sauƙi. Illo ya gyaɗa kai tare da su. Shi kiɗan bai iso masa ba sai kamar ƙudan zuma a cikin tulu, don haka idonsa ya tafi inda ya saba zuwa, wato ɗan gilashin da ke fuskar inji, inda allura take tsalle in sauti yana wucewa. Allurar tana kwance a gefe ɗaya kamar mataccen kifi. Ya gani sarai. Ya buɗe baki, sai ya ga maganar tana da tsawo, kuma in ya fara za a tambaye shi me ya sa yake kallon allura alhali kowa yana sauraro. Ya rufe bakinsa.

Bello Sauti ya faɗi yadda za a yi. A tura rabin kuɗi kafin alƙalami, don akwai wani mutumin Shanga da ke matsa masa. Sauran a riƙo a hannu. Gobe bayan la'asar mai saye ya hau motar hanyar Kontagora, ya sauka a wani kwalbati da zai kwatanta, ya bi 'yar hanya zuwa gonar mangwaro, nan gidan gonarsa yake. Kuma ya zo shi kaɗai, don 'yan kallo ɓata ciniki suke yi.

Tura kuɗi tukuna bai dami Nafisa ba, ai ita ma haka ake yi mata kullum, kuma ba ta taɓa cin na kowa ba. Zuwa shi kaɗai ɗin ne ya tsaya mata. Ta nemi mijinta Faruk ya raka shi, Bello ya ce in haka ne a bari. Ta dubi mahaifinta. Kuɗin na tumakin Barakatu ne, abin da ya faɗo masa a rabon gado, ba shi da wasu.

"Zan tafi," in ji Illo.

Nafisa ta kwana a gidan. Da safe bayan sun sha koko, kafin ta fita wurin mai tura kuɗi, ta miƙa masa wayar ya ƙara gani. Ta manta ta kashe ƙarar tun asuba, lokacin da masu kifi suka dame ta da kira tana salla. Bidiyo ya soma tafiya shiru. Illo ya riƙe wayar da hannu biyu, ya gyaɗa kai daidai yadda ya yi jiya.

"Tana da ƙara," ya ce.

Nafisa ta tsaya da mayafi a hannu. Ta zagaya bayansa a hankali ta ce Baba. Ta sake faɗi. Ta faɗi na uku da muryar da ta sa kaji suka watse. Yana nan yana kallon waya. Ta dawo gabansa ta durƙusa, ta karɓi wayar, ta jira har ya dubi bakinta.

"Baba, tun yaushe?"

"Tun kina goyon Hadiza."

Hadizar nan, 'yar Nafisa, yanzu tana aji biyu.

"Inna ta sani?"

"Ita ce kunnena."

Ta zauna a ƙasa. Can ta tambaye shi, to in ba ya ji, mene ne yake ta kallo tun jiya. Ya nuna mata da farce. Ta buɗe ƙara ta sake kunnawa. Kiɗa ya cika tsakar gida, allura ba ta motsa ba. Ta sake kunnawa, ta ja hoton da yatsu ya ƙara girma, sai ga wayar lasifikar tana lilo a bayan tebur, ba a sa ta a ko'ina ba. Daga wani wuri kiɗan yake fitowa.

"Ka ga wanga tun jiya, kuma da ka tafi?"

"Na ce zan tafi."

"Kai ɗaya, da kuɗi ga aljihu, cikin gonar mangwaro. Ko mutum ya taho bayanka ba ka jin shi."

Ya ce mata ya yi wannan tunanin. Ya ga kansa a 'yar hanyar, ya ga ma mai tahowa a bayan nasa. Ya jira ya ji tsoro, bai ji ba. Bai faɗa don ta tausaya masa ba, ya faɗa ne kamar mai cewa batir ya yi sanyi. Nafisa ta shiga ɗakin uwarta ta daɗe. Da ta fito idonta ya yi ja, ta tambaye shi yadda suke sayen inji shi da Inna, duk da ta sani, ta sha gani tana yarinya. Ya gaya mata.

A gabansa ta ɗauki saƙon murya ta aika wa Bello Sauti. Ta ce ba za a tura ko sisi ba. In yana son ciniki ya kawo kayan tashar jirage ta Wara ranar kasuwa, da rana, a haɗa da batirinsu, a gwada a kan ruwa, sannan a biya shi a gaban jama'a, har kuɗin motarsa. In hanya ta yi masa nisa, ya kira ta kiran bidiyo yanzu, ya nuna fuskarsa, ya faɗi sunan babanta a makirufo su ga allura. Amsa ta zo da sauri. Ya fara da cewa shi ba ya hulɗa da 'yan ƙauye marasa yarda. Bayan ɗan lokaci ya rage farashi. Sannan ya ce a turo ko kuɗin mai ne kawai. Nafisa ta maimaita masa maganarta. Zuwa azahar lambar ta daina shiga, tallar ma ta ɓace daga zauren.

Cindo da ya ji ya ce wataƙila sun yi asarar kaya masu kyau saboda taurin kan Illo, wataƙila kuma sun tsira. Har yau babu wanda ya san abin da ke cikin gonar mangwaron nan, ko ma akwai gonar.

Kasuwa ta farko ta zo babu inji. Lawali ya kafa babur ɗinsa a gefen tsamiya na wucin gadi, in ya kira jirgi ɗaya sai ya yi tallar magani sau uku. Wata mata ta shiga jirgin da ba nata ba. Illo ya zauna a bencinsa da cinya babu komai, hannuwansa a kan gwiwa, har aka watse. Iska ba ta zo ba ranar.

Nafisa ba ta koma Yelwa ba. Ta bar wa Faruk kifin, ta yi ta bin zauren. Wani ya ce sai an tura kuɗi, ta wuce. Wani ya ce kyamarar wayarsa ta lalace, ta wuce. Ana saura kwana biyu kasuwa ta biyu ta samu wani Daniel, daga wani ƙauye a ƙasar Ngaski, mai kula da kayan sauti na majami'arsu. Sun samu sababbi, dattawa suka ce ya sayar da tsofaffin. Tun kafin a tambaye shi ya ce maɓallin ƙara yana zamewa, sai an riƙe shi da dabara, kuma fentin lasifikar ya ɓare. Ta kira shi kiran bidiyo ya ɗauka. Mutum ne mai wushirya, yana tsaye a rana yana ƙifta ido. Ya haɗa wayoyi, ya ce "Illo na Wara" a makirufo. Illo yana kallo. Allura ta yi tsalle sau uku ta koma.

Sai Daniel ya kafa nasa sharaɗin. Ya ce shi ba zai shiga gidan kowa ba, ba zai sauka a hanya ba, kuma ba zai saki kayan majami'a ba sai ya ga kuɗi, don an taɓa kiran wani ɗan garinsu ya kai babur, ya dawo a ƙasa. Nafisa ta ce masa to ai sun daidaita.

Ranar kasuwa ta biyu da hantsi ya iso. Matarsa Grace tana ɗauke da injin a kai cikin kwando, wansa yana biye da lasifika a kafaɗa da gora a hannu. A gindin tsamiya kuma ga Cindo, ga Faruk da ya zo tun safe, ga Asibi da wuƙar gyaran kifi da ta manta ba ta ajiye ba. Aka yi cirko-cirko. Cindo ya dubi gorar, ya dubi wuƙar.

"To, kowa ya zo da mayaƙanai. Wa za ya fara?"

Grace ce ta fara dariya, ta sauke kwandon. Aka gaisa, aka kawo musu ruwa.

Illo bai yi sauri ba. Ya kwance bayan akwatin da sukundireba, ya kai hanci ya shinshina ko akwai ƙauri. Ya duba ko ruwa ya taɓa shiga. Ya haɗa da nasa batirin, ya bar shi a kunne har aka loda jirgi ɗaya ya tashi, sannan ya ɗora bayan hannunsa ya ji zafin. Faruk ya hau tsamiya ya ɗaure lasifikar. Daniel ya zaci an gama, ya soma gyara tsayuwa. Aka gaya masa saura ruwa. Ya tambaya wane ruwa, Asibi ta ba shi labarin, ya zauna.

Nan kowa ya tuna wadda take shiga jirgin a da. Nafisa ta buɗe jakarta ta fito da mayafin ruwan ɗorawa. Ya koɗe, gefensa ɗaya yana da ƙunar mai. Cindo ya ce shi zai tuƙa da kansa. Illo ya bi su da ido suna ƙanƙancewa har suka isa kututturan, jirgin ya juya gefe ya tsaya.

Ya ɗauki makirufo. Sai a lokacin ya tuna bai shirya abin da zai faɗa ba. A da ba ya shiryawa, zuwa take yi da kanta. Ya danna maɓalli, bakinsa ya yi abin da ya saba.

"Barakatu."

Allura ta tashi ta koma. Bai ji shirun da tasha ta yi ba, amma ya ga masu dako sun tsaya da buhuna a kai, ya ga Asibi ta juya baya. Sunan ya riga ya fita, ba shi da yadda zai dawo da shi. Ya tsaya yana kallon ɗan gilashin. Sannan ya ƙarasa da muryar cigiya, wadda ba ta hawa ba ta sauka.

"Na duba ko'ina, ban ga inda kika aje gishiri ba."

Can nesa abin rawaya ya tashi sama, ya daɗe a sama.

Da jirgin ya dawo Nafisa ta hau gaɓa, ta zo ta gefen hagunsa ta sunkuya, ta maimaita maganar kalma da kalma kamar yadda dokar take. Ta ƙara da cewa yana cikin 'yar ƙwaryar da ke rataye bayan ƙofa. Illo ya ce to. Ya juya ya gaya wa Daniel kayan sun yi. Nafisa ta biya a gaban kowa, Daniel ya rubuta takarda da sunansa da na ƙauyensu, Cindo da wan Daniel suka dangwala yatsa. Grace ta nuna wa Illo yadda ake tokare maɓallin da ɗan tsinke. Suka sayi kifi wurin Asibi suka tafi neman mota.

Cindo bai tafi ba. Ya zauna a bencin, a gefen hagu, ya kawo bakinsa dab da kunnen Illo. Ya ce muryar ta isa kututture tsaf, amma in maɓalli ya wuce tsakiya tana ɗan fito. Illo ya san abin da ke biye, ya jira shi kamar yadda ya jira sauran abubuwa.

"Kai kana tsammanin ba mu sani ba?" in ji Cindo. "Shekara nawa muna kai cigiya wurin mai ƙosai? Ka taɓa ganin an kai cigiya wurin mai ƙosai don ƙosai?"

Illo ya dube shi.

Cindo ya ce ita ce ta bi su ɗaya bayan ɗaya tun da daɗewa, ta roƙe su su yi kamar ba su gani ba. Bayan rasuwarta kuma kowa ya rasa ta inda zai fara, shi ya sa suka tsaya suna kallo har inji ya ƙone. Ya ce laifinsu ne wannan. Ya ce ya yi magana da Asibi, za ta matso da murhunta, ta san alamun duka, ta shekara tana ganinsu. Mai cigiya kuma ya zo ta hagu ya ɗaga murya, babu sauran ɓoye-ɓoye. Wurin na Illo ne.

"Iska dai ba da kunne kaka jin ta ba, ko can. Lawali kuwa in na bar mai wurin ga, sai duk Wara ta kamu da basir."

Illo ya so ya ji wani abu, kunya ko daɗi ko haushi. Ya lalubi cikinsa bai sami ko ɗaya ba. Ya ce Allah ya saka. Cindo ya buga masa kafaɗa ya tafi wurin lodi.

Bayan azahar ya ji sanyi ya taɓa masa ƙeya. Ya ɗaga kai ya ga ganyen tsamiya ya juya ciki waje, ruwan can gabas ya canja launi. Ya tokare maɓalli da tsinke, ya ce jiragen da ke wajen kututture su juyo, na gaɓa kada wanda ya kwance igiya. Ya faɗa sau uku. Asibi ta sauke tafin hannunta ƙasa, ya rage kaɗan. Jirage huɗu suka juyo, na biyar ya yi gardama sannan ya biyo su. Iskar ta zo ta yi abin da za ta yi ta wuce, ta yaye rumfa biyu.

Kafin magariba ya koma gida da batiri a kafaɗa. Nafisa ta riga ta bi mijinta Yelwa, ta bar masa miya a tukunya. Ya tura ƙofar ɗakin Barakatu, ya leƙa bayanta. Ƙwaryar tana nan a rataye, an rufe bakinta da ɗan faifai. Ya ɗebi kaɗan ya barbaɗa a miyar. Bai ji bambanci sosai ba, amma ya cinye, ya wanke kwanon, ya mayar da ƙwaryar inda take.

Yana nan har yanzu a gindin tsamiyar duk ranar kasuwa, idonsa rabi a ruwa rabi a allura. Masu saye a waya daga Wara da ƙauyukan gaɓa sukan kawo masa bidiyo ya duba musu, mai rediyo, mai lasifikar masallaci, mai kayan biki. Yakan riƙe wayar da hannu biyu ya daɗe yana kallo, sannan ya mayar, ya ce a gaya wa mai kayan ya kawo su bakin ruwa.